Shekarar da Na Liƙa wa Hamani Fuska

Ku ɗiyana, na san abin da kuka ji. Kada ku sunkuyar da kai, na san har bakin da ya faɗa muku. An ce ubanku, Ilu mai gyaran kujeru na kasuwar Katako, ya taɓa sa wa amininsa guba a cikin fuskar roba saboda ƙyashin wasan kwaikwayo. Wasu sun ce ba guba ba ce, laya ce na cusa cikin soso. Akwai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ta rantse ta ga koren hayaƙi yana fita ta kunnen Hamani, alhali ranar tana can garinsu wajen buki. Shekara ashirin da ɗoriya na yi shiru, ni ɗin da uwarku Hadiza ke cewa ko cikin barci ba na rufe baki. Yanzu ita da kanta ta ce a rubuta. Tana nan zaune gefena tana tsinkar zogale, ido ɗaya kan tire, ido ɗaya kaina. In kun ga ƙarya ta yi ƙaranci a wannan babin, ba tuba na yi ba, gadina ake yi.

Hamani Bazabarme ne, ni Bagobiri, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da su. Wasa ne tun kakanni. In na gan shi sai in ce ga bawana ya zo gaisuwa, shi kuma ya ce a ba Bagobiri ruwa kada ya lashe randa. Taksi yake tuƙawa, ni ina rumfata ina yanka soso ina rufe kujeru, gidajenmu na haya kuma layi ɗaya a unguwar Bukoki. Da yamma mu duka biyu muna cikin wata ƴar ƙungiyar wasa da wani tela, Garba, ya haɗa. Garba bai yarda a kira shi tela ba in ana wasa, sai dai Direkta. Muna zuwa suna, muna zuwa aure, a yi dariya a ba mu shinkafa. Ba wani babban abu ba ne, amma mu a lokacin gani muke duk Yamai ta tsaya cak tana jiranmu.

Wata rana Direkta ya kwance dilar gwanjo yana neman yadi, sai ga fuska ta faɗo. Fuskar goggon biri ce ta roba, irin wadda ake zura kai gaba ɗaya, da gashi da haƙora da komai. Girmanta kuwa, wallahi jaki zai shiga da kunnuwansa ya bar wa ɗansa wuri. Nan take Direkta ya ƙirƙiro wasa: biri ya shigo birni neman aikin gadi. Wani attajiri a unguwar Kwara Kano kuma ya riga ya kira mu sunan jikansa ran Asabar. Zan faɗi gaskiya, tunda ana kallona: na so wasan birin nan. Na so shi kamar in yi kuka. Na sa fuskar na yi tsalle na daki ƙirji har kajin Garba suka haura katanga. Amma Direkta ya dube ni, ya dubi tsawon Hamani, ya ce biri gajere ba ya ba mutane tsoro.

Na ce, “Ba komai, Direkta. Ai kun yi dabara. Shi ko ba a sa masa fuskar ba mutane za su gane.”

Hamani ya ce, “Ka ji Bagobiri, ciki na ciwo baki na dariya.”

Sai dai da ya zura kansa, fuskar ta riƙa juyawa kamar ƙwarya kan tabarya. Ya waiga dama, biri na kallon hagu. Ramukan idon suna kan kumatunsa. Dole a cika cikin da soso a goshi, a ƙeya, da gefen kunnuwa, ta kama kai daram. Wa ya san soso da kol, wato ruwan liƙi, a ƙungiyar in ba ni ba? Aka miƙo mini.

To a nan ne nake so ku buɗe kunne, don duk masu ba da labarin nan ba wanda ya san bambancin kol da kunu. Ran Talata Hamani ya ajiye taksinsa bakin rumfata ya zauna, wai ya zo ya ga kada in yi masa ha'inci. Na yanko ɗan ƙyallen roba daga wuyan fuskar ta baya inda ba a gani, na raba shi huɗu, na jera gwangwanaye kamar mai maganin gargajiya. Na fara da ƙaramin kol ɗin nan mai saurin kamu, wanda ke liƙe yatsun mutum kafin ya ce wayyo. Ya taɓa soso, soso ya yi zafi ya ƙandare kamar ƙanzo, na lanƙwasa robar, ƙas, ya tsage. Na ce wannan in an sa, kafin biri ya yi hamma biyu goshinka ya zama na mai tsaga. Na ɗauko farin kol na kafintoci. Shi kuma malalaci ne, yini guda yana tunani, in ya bushe ka ja shi ya taso salin-alin kamar fatar madara, bai san roba ba, roba ba ta san shi ba. Na uku ruwan ɗorawan nan na masu takalmi, wanda nake aikin kujeru da shi kullum. Yana kamu kam, amma ya yi kauri, inda ya zauna sai robar ta yi tauri ta tattare, fuskar biri ta koma ta kakar biri.

Hamani ya ce, “To malam lokotoro, duk ka kashe su. Da miyau za ka liƙa?”

Na ce, “Bawana, tashi mu je makaranta.”

Na ja shi wurin wani mai faci a bakin titi. Na ce wa Hamani ya dubi robar cikin tayar nan, ya dubi fuskar. Uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ke liƙe waccan shi zai liƙe wannan, wato ruwan facin da suke kira disolisyon. Na saya gwangwani guda sabo, ba a fasa ba, a gaban idonsa. Muka dawo na wanke cikin fuskar da sabulu, don akwai wata farar hoda da masu yin ta ke barbaɗawa, in ba ka fitar da ita ba, hodar ka liƙa ba robar ba. Ta bushe. Na shafa siriri a roba, na shafa siriri a soso. Robar ta nannaɗe kamar ganyen da ya ji wuta, Hamani ya miƙe tsaye yana salati wai na kashe masa biri. Na ce zauna, tsoro take ji, za ta saki jiki. Ta kuwa saki. Ba a haɗawa da ɗanye, wannan shi ne kuskuren ƴan koyo. Sai ka jira har ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana so ya kama ka amma bai biyo ka ba. Sannan ka haɗa, sau ɗaya tak, ba gyara. Na ba shi gwajin na ce ya ja. Ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, soso ya yage biyu, wurin liƙin ko gezau.

Na yi masa wa'azin kol ya fi awa guda. Na ce masa tunda uwata ta haife ni ban taɓa kuskuren kol ba. Na ce in aka ba ni gwangwani isasshe zan liƙe bakin kogin Kwara da wancan bakin a huta da gada. Na kuma faɗa masa abu mafi girma: soso mashayi ne, yana shanye ruwan facin ya riƙe warinsa a ciki, warin nan kuwa in ya taru a wuri rufaffe yana kayar da ƙato. Don haka kwana uku cur za ta sha iska a inuwa, baki a buɗe, kafin kan ɗan Adam ya shiga.

Ran Laraba da safe na gama. Hamani da kansa ya riƙe mini igiya muka rataye ta a tsakar gidanmu ƙarƙashin rumfar kwano. Maƙwabta sun fito kallo, mata da maza. Ni kuma baki ya motsa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Na ce, “Ku shaida, jama'a. Na gama ɗinka wa Bazabarme likkafaninsa. Ran Asabar in ya shiga, sai dai a fito da shi!”

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Hamani ya fi kowa. Irin wannan magana mun yi ta sau dubu, ba wanda ya taɓa ajiye ta. Ashe wannan karon an ajiye.

Da hantsi na hau mota zuwa Doso, an kira ni in sake rufe kujerun wata babbar motar fasinja. Kafin in fita na ce wa uwarku kada kowa ya taɓa, kada a sauke, kada a rufe. Ta ce to. Ran Asabar da azahar na dawo a gurguje, na tarar kakarku, uwar uwarku, ta zo daga ƙauye tun ran Laraba da yamma. Na durƙusa na gaishe ta a ɗaki, na fito, ga biri yana lilo a igiya inda na bar shi. Na cusa shi a buhu na ɗaure, na haye moto, ɗan babur ɗina, sai Kwara Kano. Ku tuna watan zafi ne, irin zafin da ƙadangare ke neman lema. Ku kuma tuna hancina ya mutu tun ina saurayi. Wanda ya yi shekaru yana shaƙar kol a rumfa, ko mushen raƙumi aka ajiye masa sai dai ya gani da ido.

A bayan rumfar buki Hamani ya zura kai, ya fizgo shi waje da sauri.

Ya ce, “Ilu, abin nan na wari fa.”

Na ce, “Warinka ne ya dawo maka. Yau ka ji abin da fasinjojinka ke haƙuri da shi.”

Ya ce, “Wallahi da gaske nake.”

Na ce, “Kwana uku tana shan iska, kai ka riƙe igiyar. In tsoro kake ji ba ni in sa.”

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta tura shi. Ya mai da kai ciki ya fita fili. Kuma ya yi wasa, Allah ya sani ya yi wasa. Ya ƙwace hular wani alhaji, ya zauna kan cinyar mai kiɗa, mata na gudu suna zubar da takalma. Can sai ya fara tangaɗi. Mutane suka ƙara shewa. Ya durƙusa, ya dafa ƙasa, ya kife. Aka yi ta tafi. Ni kaina na ce kai, Bazabarmen nan ya iya mutuwa. Sai da Direkta ya ga ƙafarsa na karkarwa ba irin ta wasa ba, ya ruga ya fizge fuskar. Idanun Hamani sun juye, bakinsa na kumfa, ya haɗe goshi da dutse jini na zuba. Aka sa shi a mota sai asibiti. Kwana biyu ya yi can. Lokotoro, wato likitan, ya ce ya shaƙi abin da bai kamata ba, ga zafi, kuma da an ƙara ɗan lokaci da sai dai wani labarin.

Kafin ya fito, Bukoki ta gama shari'a. Wa ya so wasan aka hana shi? Ilu. Wa ya liƙa soson shi kaɗai? Ilu. Wa ya ce likkafani a gaban shaidu? Wa ya ce ba ni in sa? In na shigo layi sai hira ta mutu. Mai shayin da kullum ke ƙara mini madara ya fara wanke kofina daban. Na je gaida Hamani, matarsa ta tsaya bakin ƙofa ta ce yana barci, ni kuwa ina jin tarinsa.

Ni ma fa zargin nake. Na fara da mai faci, na je na ci kwalarsa na ce ya gauraya mini da esansi, wato man mota. Ya ce gwangwanin a rufe na saya, in kuma ban sake shi ba zai yi mini faci a baki. Na koma kan Direkta: ko shi ya fesa wani turare a ciki? Na zargi attajirin, na zargi mai kiɗa, na zargi wanda ya sa fuskar a dilar gwanjo tun daga ƙasar da ta fito. Har Hamani na zarga, na ce ko ya sha wani abu ne don ya ji ƙarfin tsalle. Na sake yin gwaji da ragowar gwangwanin, na rataye soso kwana uku, na bi mutanen Katako ina tura musu a hanci. Kowa ya ce ba wari. To ina warin ya fito? Na rame. Ina tafe ina lissafi da yatsu kamar sabon mahaukaci.

Ranar da kakarku ta koma ƙauye, uwarku ta tuƙa tuwon masara. Na kai loma ɗaya na tsaya. Hanci ya mutu, amma harshe na nan da ransa. Tuwon nan ɗanɗanon tayar moto yake. Na tashi na shiga madafa, na buɗe babban bokitin roba mai marfi inda take zuba gari. Na lashi gefensa. Na fito da shi na ajiye a gabanta.

Na ce, “Uwar Rabi, mi ya kwana cikin bokitin nan?”

Ta dubi bokiti, ta dube ni, sai hawaye.

Ta ce, “Maigida, birin ne, Inna ce sila. Tana shigowa ta yi arba da shi ta faɗi zaune. Ta ce ashe gidan ɗan bori aka kawo ni, ta ce in haɗa kayana mu tafi a ranar. Na ce mata na wani ne, yanzu za a zo a ɗauka. Na juye garin a kwano na sa birin cikin bokitin na danne marfi, na tura ƙarƙashin gado. Da na ji muryarka ran Asabar, kana ɗaki kana gaishe ta, na fitar na rataye.”

Na ce, “Kwana ukun duka?”

Ta ce, “Ni ina na san iska magani ce? Na ɗauka don kada ya jiƙe ne kake faɗi.”

Na so in yi ihu. Na so in ɗauki bokitin nan a ka in zaga Bukoki layi-layi ina kiɗa shi. Ga hujjata, ga wankin sunana, har da marfi. Na ma kai bakin ƙofa. Sai na tsaya na jiyo yadda maganar za ta fito daga bakin matan layinmu. Ba za su ce ta ɓoye fuskar roba don tsoron uwarta ba. Cewa za su yi matar Ilu ta rufe kan mutum a bokiti kwana uku ƙarƙashin gado, ta fito da shi, mutum ya sa ya faɗi. Namiji in ya yi kuskuren aiki, sunansa wawa. Mace in aka haɗa ta da irin wannan, kun san sunan da ake ba ta, kuma sunan ba ya tsayawa kanta, yana bin ɗiyanta mata har ɗakin aurensu. Yayarku Rabi lokacin tana goye. Na dawo na ajiye bokitin, na ce ta wanke shi da toka, kuma ko da wasa kada ta sake ambatar ƙarƙashin gado.

Ran Juma'a bayan la'asar Direkta ya tara mu a shagonsa. Hamani na zaune da ƙyalle a goshi, bai dube ni ba. Na miƙe na ce jama'a ku yafe ni, laifina ne, na yi kuskuren kol. Na ce ruwan facin ya ƙare mini a tsakiyar aiki, na cika da wani tsohon gwangwani da ban san asalinsa ba. Direkta ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to Alhamdulillahi, kuskure ne, kowa na yi. Har an fara shafa fatiha. Sai Hamani ya ɗago.

Ya ce, “Ƙarya kake.”

Kowa ya juyo ya dube shi.

Ya ce, “Gwangwanin ko rabi ba ka ci ba, ina zaune. Kai da ka hana ni aiki yini guda kana karanta mini kol kamar limami? Ka ce mini jaki ya haihu a Katako in yarda. Amma kai ka yi kuskuren kol, ban yarda ba. Akwai abin da kake ɓoyewa, Ilu. Tunda kuwa kana ɓoyewa, to abin da mutane ke faɗi shi ne.”

Kun ga inda cika baki ya kai ni. Duk ƙaryar da na taɓa yi a duniya an yi dariya an wuce, ranar da na yi wadda nake roƙon Allah a yarda da ita, gwanintata ta tashi ta ƙaryata ni. Na tuna bokitin, na koma na zauna. Ya jira. Ya tashi ya fita, daga ranar bai sake kirana da kowane suna ba, mai daɗi ko marar daɗi. Ƙungiya ta watse kafin damina. A Katako rabin mutane suka ce mugu ne, rabi suka ce bai iya aiki ba, duka biyun kuma ba sa kawo kujera. Shekara biyu ina yanka katifa kawai. Uwarku ta sha cewa bari ta je ta faɗa, ina cewa in kin fita ƙofar nan da maganar nan, ni kuma in bi ki ina cewa ƙarya kike.

Bana, bayan an kai autarku ɗakinta, ta yafa mayafi da safe ta ce yau ba ta neman izini, in ina so in raka ta. Muka tarar da Hamani ƙofar gidansa kan benci, ya tsufa, ido ya yi rauni, tabon na nan a goshi. Ta durƙusa ta gaishe shi da Zabarmanci, sannan ta faɗi komai, tun daga zuwan Inna har tuwon. Ni ina tsaye kamar an liƙa ni da ƙasa. Na ɗauka zai ce wannan ma shiri ne, na koya mata a hanya. Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina.

Ya ce, “Na ji, Hadiza, tashi, ba ki da laifi. Kai kuma Ilu, tambaya ɗaya. Ka ɓoye wa Bukoki, na gane. Ka ɓoye wa Garba, na gane. Ni fa? Da ka zo ka raɗa mini a kunne, ni kaɗai, ka ɗauka zan kai matarka bakin duniya? Shekara ashirin ana cewa na zarge ka. Ashe kai ka fara zargina.”

Ku ɗiyana, an yi mini tambayoyi a garin nan, ƴan sanda sun yi, masu haya sun yi, surukai sun yi, ban taɓa rasa abin cewa ba. Ranar na laluba ko'ina, ba ko ɗaya. Ya matsa gefe kan bencin, ban sani ba ko wuri ya ba ni ko nesa yake yi da ni. Na zauna dai. Muna nan kan bencin har aka kira azahar.